Ƙofofin da Suka Tsuke

Ƙarfe bakwai na safe, ɗakin gwaji, Bajoga.
Janareta na tari, na buɗe akwatin ɗumi.
Faranti na uku, sunan Bappa Manu a gefe:
ruwan gyambon da Hansatu ta kawo shekaranjiya
a 'yar kwalba, naɗe da ledar burodi.

Jiya na dasa magani shida a kan farantin,
farare, ƙanana, kamar maɓallan riga.
Da suna ci, da an ga fili kewaye da kowanne,
da'irar da cuta ta kasa takawa.
Babu fili.
Ta tsiro har gindinsu, ta jingina da su
kamar akuya da turken da ta saba.

Na san ta. Irin mai katanga biyu ce.
A katangar waje akwai ƙofofin furotin,
ta nan abincinta ke shiga,
ta nan magani ke saɗaɗawa, ya bi sahun abinci.
A da ƙofofin na da yawa, a wangale.
Sai Bappa ya sha kafso biyu daga kemis ɗin tasha,
zugi ya lafa, ya koma gonar wake,
ragowar ya ba maƙwabci mai ciwon haƙori.
Masu faɗin ƙofa suka mutu.
Masu tsukakkiya suka rage,
kafin la'asar sun ga tattaɓa-kunne.

Wasu ma sun liƙe ƙofar,
sun yarda da ƙarancin ci, in dai rai na nan.
Maganin da ya kutsa kuwa,
akwai famfon da ya ratsa katangun biyu,
ya kwaso shi ya watso waje
kamar mai kwarfe ruwa daga ɗaki a tsakiyar Agusta.

Ba wayo ba ne. Ba ta da kai, balle dabara.
Mu muka yi tankaɗe,
muka zubar da gari, muka adana tsaki.

Hansatu na bakin taga.
"Malam Isiyaku, wanne za mu saya?
Mun sayar da tinkiya."
Na dubi faranti, na dubi biro.
Layi shida, amsa ɗaya.
Na bakwai yana Gombe, allura ce,
kuɗinta ya haura tinkiya biyu,
kuma ita ma ta ƙofa take shiga.

Wannan ban gaya mata ba.
Na ce a kai shi yau, kada a jira motar gobe.
Na ce in an fara a kai ƙarshe,
ko da ya miƙe yana neman fartanya.

Ta ninke takardar gida huɗu, ta soke a haɓar zane.
Na mayar da murfi, na wanke hannu sau biyu.
A bencin waje wata uwa na jijjiga yaro,
da wata kwalbar a hannunta.