Jamus a Bangon Kakuri

Ran Laraba, bayan la'asar,
a wani ɗaki bayan tsohuwar masaƙa a Kakuri,
Malama Saratu Dogo kan rataya farin zanen gado
ta ce mu yi shiru, Jamus za ta fito.

Mu tara ne. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne,
na zo satar dabarar haske
in ƙara wa amare kuɗin aiki.

Fim na farko bebe ne,
janareta ya yi masa kiɗa.
Gidaje a karkace, taga kamar bakin wuƙa,
inuwar mutum ta riga shi hawa bene.
Na yi dariya, na ce maginin nan sai a bar shi da Allah.
Malama ta tsayar da hoto.
Ta ce: kafin ka zagi bango, tambayi shekarar da aka gina shi.
Waɗannan sun dawo daga yaƙi ba ƙafa, ba sarki,
kuɗinsu ya zama ganye,
a cika baro da shi a sayo burodi.
Wanda ƙasa ta juye masa,
da wane ido zai ga miƙaƙƙen gini?

Na tuna babana ranar da aka rufe masaƙa,
ya dawo da katin aiki a aljihu
ya zauna yana kallon agogo har ya tsufa.
Ban ƙara dariya ba.

Mako na biyar ta kawo mai kyau.
Kyan ne ya ba ni tsoro:
tutoci, sahu bayan sahu, fuskoki a wanke,
kyamara a durƙushe tana ɗaga mutum ɗaya sama.
Hannuna ya yi ƙaiƙayi, na so in iya.
Ta ce: to, kun ga wanda aka nuna.
Aikin gida, ku rubuto mini waɗanda ba a nuna ba,
da jirgin ƙasan da ya kwashe su.
A daren tuwo ya ƙi wucewa.
Ni ma na san yadda ake yanke talakan dangi
daga hoton biki.

Harshensu kuwa sai haƙuri,
yakan ɓoye aikatau sai ƙarshen zance,
ka yi ta jira ka ji ko kashewa aka yi ko yafewa.

Sai finafinan kango,
mata na miƙa wa juna tubali hannu da hannu.
Sai katanga ta tsaga birni biyu,
uwa a gabas, ɗiya a yamma,
suna ɗaga wa juna hankici daga nesa.

Nan Kuyet ya yi tari a bayana.
Tare muka yi firamare a Tudun Wada,
gidansu na kallon namu,
kafin shekarar da gari ya kama da wuta
suka ɗaure kaya suka haye kogi.
Mu ba mu da katanga.
Ruwa ne kawai, da gada,
da mai keke da zai ji inda za ka, ya dube ka sau biyu.
Malama ba ta ce uffan ba.
Mai ya ƙare, allo ya yi duhu,
muka zauna mu tara muna jin numfashin juna.

Daga baya ta ce, can ma sai da 'ya'ya suka girma
suka juya kyamara cikin gida
suka ce: Baba, kai kana ina a lokacin?
Shekarata goma sha ɗaya ina ɗaukar anko da liƙi,
ban taɓa yi wa kowa tambayar nan ba.

Asabar mai zuwa ba ni da biki.
Na cika batir biyu da wuta.
Kuyet zai jira ni a bakin gada, ƙarfe bakwai,
in goyo shi a babur zuwa ƙofar da aka yanke masa cibiya.
Bai san ko masu gidan za su ce mu shigo ba.
Ni ma ban sani ba.
Malama ta ce kada in gyara haske,
in bangon ya karkace, in bar shi a karkace.