Saƙo Zuwa Uwar Garke

Ƙarfe biyun dare a Garwa.
Fanka ta gaji da juyi, ta tsaya tana kallona.
Ta taga ina jin Binuwai
tana wucewa ƙarƙashin gada, ba ta neman izinin kowa.
Ni kuwa sai da izini:
na rubuta adireshi, na liƙa mabuɗi a goshin saƙo,
na ce wa manhajata, buɗe fayil, ɗauka, kai.

Fayil ba shi da nauyi a hannu,
amma audugar ƙauyuka goma sha bakwai ce a ciki.
Layi na uku, Dawai na Pitowa, kilo ɗari huɗu da sittin.
Layi na tamanin, Asta Jumba,
wadda ta dafa sikeli ta ce a sake awo,
aka sake, ita ce da gaskiya.
Ga hoton kowane rasit, da yatsan da aka dangwala.
In bai isa kafin safiya ba,
ran Juma'a babu mai ganin ko dala.

Uwar garke ake ce mata,
na'urar da ke Duwala, a wani ɗaki mai sanyi.
Ban taɓa ganinta ba.
Kakana Yuguda ya san tasa da tsagar kunne,
in ya kira ta, sauran shanu su biyo.
Tawa ba ta da kunne. Da lamba take amsawa.

Na aika. Shiru.
Can ta ce: ɗari huɗu da goma sha uku.
Wato kaya sun fi ƙarfin ƙofa.
Ban ji haushi ba.
Wanda ya jawo raƙumi zuwa ƙofar ɗaki
ba ya zagin magini.

Sai na tuna masu kwalekwale a Lagdo,
ba sa ɗora buhu ɗari a sawu guda.
Na yanka fayil gunduwa-gunduwa,
kowace da lambarta, kowace da hatiminta,
don a gane a can in wata ta jiƙe a hanya.
Na rubuta: in ta faɗi, jira daƙiƙa biyar, sake.
In ta kuma faɗuwa, jira goma.
Da layi huɗu na koya wa inji haƙuri,
abin da innata ta shekara talatin tana koya mini.

Ta farko ta haye. Ta biyu. Ta bakwai.
A ta tara layin sadarwa ya ɗauke,
ma'auni ya cije a sittin da ɗaya
kamar jakin da ya hango ruwa.
Bakari mai gadi ya leƙo da shayi:
“Har yanzu wasiƙar ce?
Ba ni ita in kai Gaundare, in sa ta a jirgin ƙasa.”
Na yi dariya,
amma a zuci sai da na ƙirga kwanakin.

Layi ya dawo, sauran suka haye,
sai hatimi ya ƙi dacewa.
Na zargi waya, na zargi Duwala, na zargi hadari.
Ashe ni ce.
Inji daga sifili yake fara ƙirga, ni daga ɗaya,
a tsakaninmu gunduwa guda ta zauna a gaɓa:
ƙauye guda, suna goma sha ɗaya,
ba wanda ya yi musu kuka sai lissafi.

Na gyara harafi ɗaya. Shayi ya huce.
Na danna.

Ɗari biyu.
Iyakar abin da ta ce ke nan,
ba sannu, ba madalla.
Na rufe kwamfuta ladan na gyaran murya.

Ran Juma'a Asta za ta kwance bakin zane,
ta ƙirga kuɗinta sau biyu.
Ba za ta san sunana ba.
In sun cika, ya ishe ni.