Ɗari Biyu Ce Ƙa'ida

Bayan shagon walda a Kakuri,
inda masaƙa ta mutu ta bar bututunta tsaye,
muke buga foka daren Asabar.
Ɗari biyu ce ƙa'ida, ba a wuce ta
ko aljihunka na tsiyaya.

Tanimu direban tanka ba ya kife kati.
Ka zuba, ya bi. Ka ƙara, ya bi.
Wata uku ina masa burga da hannu wofi,
ina murtuke fuska kamar mai sarki uku.
Ko kallona ba ya yi,
yana ɓare gyaɗa, ya ce, "Mu gani."
Ya gani. Ya kwashe.

Tsoho Ishaya, da ya yi gadi a masaƙar,
ya ja ni wajen mai shayi:
"Kurma kake wa kiɗa.
Irinsa ba a razana shi,
awo ake masa, mudu-mudu.
Katinka ya nuna, zuba, kar ka laɓe,
zai biya kowane zagaye.
In babu, kife, sha shayinka.
Ran da katin ƙarshe ya cece shi,
ce masa barka. Kar ka koya masa komai."

Jiya na bi maganar.
Dubu uku da ɗari huɗu na tashi da su.
Tanimu ya tashi da dariya,
ya juye min ragowar gyaɗarsa,
ya ce, "Sai Asabar, abokina."

Har keke ya sauke ni a Barnawa
gyaɗar na tafina, na kasa ci.