Takardar Ermelinda

Tikiti biyu muka saya da sanyi,
ni kaɗai na hau a Savona.
Jirgin ya fi layinmu tsawo,
bene goma sha huɗu a kan ruwa,
ni kuwa daga akwati sai sanda
sai takardar da ta rubuta a gadon asibiti,
rubutun ya karkace kamar sawun kaza.

Na ɗaya, in ji ta: Ottavio, maganinka a aljihu,
akwati sai dare yake isa ɗaki.
Sai tara ya iso.
Na haɗiye ƙwayata da shida ina girgiza kai,
matar nan ko a ƙasa ta fi ni gaskiya.

In an busa ƙaho ka je wurin taro,
ka sa rigar ceto, ban da gunaguni.
Na je. Na sa ta a baibai.
Wani yaro ɗan Filifin ya gyara min igiya,
bai yi dariya ba sai da na fara.

Ka tambayi sunan mai gyara maka ɗaki,
mutum ne, ba tsintsiya ba.
Rodel sunansa.
Wata takwas rabonsa da 'yarsa,
ya nuna min ita a waya, giɓi biyu a baki,
ya naɗe min tawul ya zama giwa.
Na rasa da me zan goge fuska,
wa zai warware giwa?

Wurin abinci ta ja layi biyu:
ido ba mudu ba, amma ya san kima.
Na ga wani ya tara jatan lande kamar zai yi gini,
ya ci uku ya tashi.
Na ɗebi miya ludayi ɗaya,
na koma sau uku. Wannan ba ta hana ba.

Kada ka kama kujerar rana da tawul tun asuba
ka koma barci. Sata ce mai hula.

Bayan Marseille teku ya yi fushi,
kofuna suka fara yawo a tebur.
Ka tsaya tsakiyar jirgi, ta ce,
ka kafa ido inda sama ta taɓa ruwa,
ka tauna citta.
Na tauna, ido na hawaye.
Na ɗora wa cittar laifi.

A Palermo, agogon jirgi za ka bi,
jirgi ba ya jiran kowa.
Da yamma miji da mata suka taho a guje
da ledoji, an riga an janye tsani.
Mutane a sama suna tafi da shewa.
Ban tafa ba.
Na san yadda gaɓa take in an tafi an bar ka.

Ƙarshen takardar a naɗe yake, an rubuta:
sai daren ƙarshe.
Na buɗe a bayan jirgi, inda kumfa ke jan hanya,
farin fure a hannuna, na saye shi a Valletta.

Ka fitar da akwati kafin sha biyu,
amma ka ware wandon gobe, na san ka.
Ka ba yaron tukuici hannu da hannu.
Ba a jefa komai a teku, Ottavio,
har furen nan da na san ka saya.
Kujerata kuma, kada ka bar ta wayam.

Na daɗe a tsaye.

A tebur na ashirin da uku akwai wata tsohuwa 'yar Trieste,
Nives, mai tsoma burodi a kofi ba kunya,
kwana shida tana gaishe ni ina amsawa da ka.
Na sa furen a kofin ruwa tsakaninmu.
Ta ce, na wa?
Na ce, dogon labari ne.
Ta duba taga. Sai safiya za mu iso, in ji ta,
ta turo min kwandon burodi.