Zakin Bayan Mota

Shekara tara ina zana zaki a bayan manyan motoci,
gefen Muda Lawal, inda ake sauke doya da albasa.
Direba ya ce ƙara masa haƙora, in ƙara.
Ya ce rubuta "Sai mun dawo", in rubuta,
ya biya, ya ta da mota, iskar hanya ta busar da fenti.
Ba wanda ya taɓa tambayata me zakin yake nufi.

Yanzu ga ni a Yalwa, ɗalibin digiri na biyu,
furfura uku a gemu, katin shaida a wuya.
An ba ni kusurwa: tebur mai ɗingishi,
taga mai kallon dogonyaro,
da farin bango da ke tsare ni da ido kamar mai bin bashi.

Ranar Laraba ake feɗe aiki.
Mu bakwai, kowa ya jingine nasa ya koma gefe,
kamar wanda ya miƙa ɗansa ga wanzami.
Dakta Saratu ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
"Bappa, hannun nan ya iya, ba musu.
Kai fa? Ina kake a ciki?"
Na nemi amsa a aljihu, sai ƙusa da guntun alli.
Rifkatu mai tukwane ta sunkuyar da kai,
don makon jiya randarta ce ta tsage a wuta,
ginin wata uku ya koma tsingaro.

Shuɗin fenti ɗan mitsitsi, kuɗin shinkafa mudu biyu.
Na tsaya a shago na auna su a zuci.
Shinkafar na kai gida.
Washegari na hau Dutsen Tanshi da buhu,
na ɗebo jar ƙasa, na daka a turmin Hajjo,
na tankaɗe, na jiƙa ƙaro, na kwaɓa,
baƙi kuwa daga gindin tukunyarta na kankaro.
Ta ce, "Oh ni! Yau turmina ya shiga jami'a."

Da dare kuma rubutu.
Shafi sittin ake so in bayyana
abin da buroshi ya faɗa kafin shayi ya huce.
An ɗauke wuta, fitilar waya na mutuwa,
sauro na karanta min nasa babin a kunne.

Wani asuba, ban san me ya tashe ni ba,
na shimfiɗa kyalle na bar zaki ya huta.
Na zana abin da idona ya fi sani:
bayan mota tana ƙanƙancewa a kan titi,
kwalta, ɓawon albasa, gwangwanin da ya ƙare,
da inuwar mutum a tsaye, ba shi da kai,
don kan ya faɗa wajen kyallen.
Dakta ta daɗe a gabansa. Ba ta cire tabarau ba.
Ta ce, "Yi min goma irinsa." Ta wuce.

Ranar baje koli Malam Barau ya zo,
wanda ya fara ɗora min buroshi a hannu.
Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ba wanda ya sa shi.
Ya lakaci jan da yatsa, ya shinshina.
"Ƙaron bai ji ba. Damina ɗaya za ta wanke shi."
Na ce, "Malam, wannan ba ya shiga ruwa."
"To ina za shi?"
Nan ma aljihuna ba amsa.

Da magariba, ina jiran keke a bakin titi,
sai ga wata tsohuwar mota ta nufi hanyar Jos.
Zakina ne a bayanta, ya koɗe, ido ɗaya ya goge,
haƙoran nan da aka ce in ƙara suna nan.
Ya je Legas, ya je Maiduguri, ba takardar shaida.
Na ɗaga masa hannu.
Jar ƙasa ce har yanzu a ƙarƙashin farcena.