Romon Baka a Hawa na Uku

Mu huɗu ne ranar da muka fara,
ɗaki guda a saman shagon tayil, Titin Gidan Zoo,
fanka mai kuka, tebur na aro.
Jazuli ya zana mana duniya a jikin farin allo:
duk tirelar da ta ɗauko hatsi a Dawanau
sai ta ratsa ta cikin manhajarmu.
Muka yarda. Ni har bashin kwamfuta na ci.

Yau mun kai sittin da bakwai, mun cinye hawa uku.
Ban san sunan rabinmu ba,
shi kuwa ba ya tuna sunan kowa sai ranar laifi.

Ƙarfe biyun dare waya ta haske fuskar matata.
"Haladu, barci kake?"
A'a, yallaɓai, rufin ɗaki nake ƙirgawa.
Abin da ya ce ja ne da hantsi
kafin la'asar ya rikiɗe shuɗi,
wai mu ne kunnenmu bai ji daidai ba.

Hindatu ta kwana uku tana ɗinke ɓarakar biyan kuɗi.
Da baƙin Legas suka iso da jarinsu
aka sayo kilishi, aka kunna na'urar sanyi,
ya ce, "Daren jiya na gyara shi, da hannuna."
Ta dubi hannun. Ta dubi nata.
"Kura da shan bugu," ta ce a hankali,
ba ta ƙarasa ba, ta tashi ta tafi alwala.
Ran Litinin wani yaro daga Hotoro ne a kujerarta.

Albashi yakan makara, alkawari bai taɓa ba.
"Ai kuna da hannun jari."
Takardar tana gun lauya, lauyan yana Abuja.
Na kai wa mai shinkafa a Singa hannun jarin nan,
ya ce, kwano nawa ne a ciki?

Amma kada in ci amanar gaskiya.
Daren da aka kwantar da babana a asibitin Nasarawa
shi ya riga 'yan'uwana isa, da silifas, ba hula,
ya biya kuɗin jini, ya zauna a benci har kiran assalatu.
Kwana biyu tsakani ya wanke ni tas a gaban jama'a
kan sifili ɗaya da na manta.
To, wanne zan riƙe?

Takardar ajiye aiki wata biyar ke nan tana aljihuna,
gumi ya cinye sa hannun.
Jiya a gadar Ƙofar Nasarawa, ina cikin adaidaita,
wata tirela ta gifta da tambarinmu a ƙeyarta,
wanda na zana a bayan rasit, ran da muke mu huɗu.
Na taɓa na kusa da ni, na ce, "Ka ga wancan? Namu ne."
Ya ce, "Allah ya sa albarka."

Sai aljihuna ya fara rawa.
Na bar shi ya yi uku kafin na ɗauka.