Waiwayen Barewa

Kawu Arzika ba ya cin albasa in gobe farauta.
Ba ya shafa mai, ba ya zama kusa da murhu.
Ya ce hancin barewa ya fi alƙalin Tawa bincike,
kuma in ya yanke hukunci ba a ɗaukaka ƙara.

Ina da shekara goma sha biyu ya rataya mini gora,
muka bar Tabalak kafin ladan ya gyara murya,
muka bi gefen tafki, muka hau jigawa.
Ya ɗebi ƙasa da yatsu uku, ya saki.
Inda ta nufa, can muka juya wa baya.

Su biyar ne a gindin aduwa, suna tsintar abin da ya faɗo.
Wata mata ta wuce da jaki da kayan itace,
tana zaginsa har kakannin kakanninsa.
Ko kunne ba su kaɗa ba.
Wani yaro ya koro awaki yana feɗuwa,
suka matsa taki goma
kamar masu ba baƙo hanya a bakin rijiya.
Kawu ya raɗa mini a kunne:
mai hayaniya harkar gabansa yake yi, sun sani.
Wanda ya yi shiru suke tuhuma.

Sai ya ɗaura burtu a goshi, ya yafa baƙin zane,
ya durƙusa yana saran ƙasa da bakin itace.
Magidanci, uban ƴaƴa takwas,
ga shi ya koma tsuntsu.
Na ciji wuyan rigata don kada dariya ta kuɓuce.

Ni na ɓata aikin.
Ƙarangiya ta kama mini gwiwa, na motsa.
Babbar ta ɗaga kai, ta buga ƙafa sau ɗaya,
ta hura hanci,
sai fili ya zama fararen cikkuna a sama,
ƙafafu kamar sillen kara ba sa taɓa ƙasa.
Na ce shi ke nan.
Kawu bai tashi ba.

A kan tudu, ɗaya ta tsaya.
Ta waiwayo.

Adaka ta yi magana.

Da muka isa, idonta a buɗe yake,
da zanen kwalli har gefen baki.
Ya yi bisimilla, ya yanka, ya goge wuƙa da ganyen sabara.
Ya ce gudu bai taɓa cin amanarta ba,
son ta ga wanda ya kore ta,
shi ke kai ta tukunya.

Daga baya masu mota suka zo da fitilu cikin dare.
Ba su tambayi iska ba, ba su durƙusa ba.
Aduwar tana nan, tana zubar da ƴaƴa,
awaki ke cinyewa.
Gara ta ci burtun a saman rumbu.

Bara na kawo shi Tawa a cire masa yanar ido.
Muka sauka gidan Alhaji Nomau, dillalin albasa.
A tsakar gida, tsakanin buhuna,
ga barewa da jan zare a wuya da ƴar ƙararrawa,
tana cin dusa a tsohon faranti.
Ta zo ta sunsuni hannun Kawu, ta lashi gishirin tafinsa.
Ya shafa bayanta da ido ɗaya a naɗe,
ya ce wannan akuya ce, aron riga ta yi.

Sai ya yi shiru.
Ya sauke numfashi, ya sunkuya a hankali,
gwiwa na ƙara, ya kai ta ƙasa.
Ƙararrawar ta daina kaɗawa.
Ta ɗaga kai. Ta buga ƙafa a kan siminti.
Ta zabura har igiya ta fizge ta,
ta tsaya tana rawar jiki a jikin bango,
ta waiwayo.

Kawu ya yi dariya har audugar idonsa ta jiƙe.
Ya ce tana ciki, tana ciki.

Da dare aka kawo tuwo da miya.
Na ga yana laluben kwano da yatsa,
yana tsince albasa yana turawa gefe.